Yadda ƙasa ke tsara shirin jure wa sauyin yanayi, da yadda ake gane ko yana aiki

Aikin sauyin yanayi kashi biyu ne. Akwai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, akwai kuma shirya ƙasa ta jure wa abin da ɗumamar ta riga ta jawo: ambaliya, fari, tsananin zafi, tunkuɗowar teku, da ruwan sama da ya daina zuwa a kan lokacinsa. Na biyun ne batunmu. A taron yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Kankun, ƙasar Meziko, a 2010, aka buɗe hanyar tsara shirin ƙasa na jure wa sauyin yanayi, wanda masu aikin ke kira NAP a taƙaice. Taron Durban na 2011 ya ɗora masa manufa biyu: a rage raunin jama'a da dukiyarsu, a kuma cusa batun cikin tsare-tsaren raya ƙasa da ake da su tun farko. Burkina Faso da Kamaru na cikin ƙasashen da suka fara miƙa nasu, a 2015.

Rubuta kundin ba shi ne wahalar ba. Ƙwararrun da aka ɗauko haya za su fitar da mai kauri cikin 'yan watanni. Wahalar tana ranar da ɗan majalisa zai miƙe bayan shekara biyar ya tambaya ko jama'a sun fi samun kariya yanzu, a rasa hujjar da za a ba shi. Matakan da ke tafe an jera su ne domin a samu amsar wannan tambaya.

Mataki na ɗaya: a samu mai aikin, a ɗaure shi da doka

Galibi ma'aikatar muhalli ake miƙa wa aikin. Ita kuwa ba ta gina hanya, ba ta tafiyar da asibiti, ba ita ke riƙe da asusu ba. Don haka sai a kafa kwamiti a ƙarƙashin ofishin da ministoci ke amsa kiransa, wato na shugaban ƙasa ko firaminista, a zaunar da ma'aikatar kuɗi da ta tsare-tsare a ciki tun zaman farko. Ma'aikatar muhalli ta riƙe sakatariya.

Sai doka. Dokar sauyin yanayi ta Birtaniya ta 2008 ta wajabta wa gwamnati ta auna haɗarin yanayi duk bayan shekara biyar, ta kuma fito da shirin da zai amsa abin da aka gano. An yi awon a 2012, aka sake a 2017 da 2022, duk da firaministocin da suka yi ta sauyawa a tsakani. Kenya ta yi tata dokar a 2016. Jamus kuma ta kafa doka ta musamman kan jure wa sauyin yanayi, wadda ta fara aiki a 2024. Shirin da ya rataya a kan sha'awar minista ɗaya, ranar da ya sauka shi ma ya sauka.

Mataki na biyu: a tattara abin da ke hannu

Da wuya ƙasa ta fara daga sifili. Ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba sun tsara shirye-shiryen gaggawa tun bayan taron Marakesh na 2001. Akwai bayanan hukumar hasashen yanayi, ƙidayar jama'a, rajistar asibitoci, da alƙaluman hukumar agajin gaggawa. A tattara su wuri ɗaya, a rubuta abin da babu, a wuce. Kada wannan mataki ya cinye shekara.

Mataki na uku: a auna haɗarin

Kwamitin masana yanayi na duniya, IPCC, ya raba haɗari gida uku. Akwai masifar kanta, kamar ruwa mai yawa ko zafi mai tsanani. Akwai wa da me ke kan hanyarta. Akwai kuma raunin waɗanda ke kan hanyar. Ambaliyar da ta malale filin da babu kowa ba bala'i ba ce. Ruwa ɗaya kan shiga gida biyu a layi ɗaya, mai ajiya da inshora ya farfaɗo cikin wata guda, maƙwabcinsa ya sayar da jarinsa ya cire yara daga makaranta. Gwamnati ba ta da iko a kan kashin farko cikin gajeren lokaci. Ikonta yana kan na biyu da na uku, don haka a nan ya kamata awon ya fi zurfi. Abin takaici, rahotanni da yawa sukan cika da taswirorin zafi da ruwan sama masu ban sha'awa, in aka zo kan mutane sai a tarar da shafi biyu.

Wajen bayanan yanayi, ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce a ɗauki matsakaicin shekara 30, kuma wanda ake aiki da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020. Hasashen gaba yana fitowa ne daga lissafin kwamfuta, kuma wani shirin haɗin gwiwar masana mai suna CORDEX yana sauko da lissafin duniya zuwa matakin yanki. Kada a dogara da lissafi ɗaya. A batun zafi bakin masana ya zo ɗaya cewa zai ƙaru. A batun ruwan sama kuwa, a wurare irin su Sahel, wani lissafin ya nuna ƙari wani ya nuna ragi. Inda haka ta faru, sai a rubuta duka biyun a fili, a nemi matakin da zai yi amfani ko ta wane ɓangare abin ya faɗo.

Daga nan sai a fita daga ofis. Manoma, makiyaya, masunta, mata, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da mazauna unguwannin da ba a tsara ba sun san wace gada ruwa ke fara shafewa da wace rijiya ke fara ƙafewa. Tauraron ɗan Adam ba ya ganin wannan. Domin kada a manta wani fanni, ana iya bin fannoni bakwai da taron Dubai na 2023 ya zayyana: ruwa, abinci da noma, lafiya, muhallin halittu, ababen more rayuwa da matsugunai, talauci da sana'o'i, sai kayan tarihi da al'adu.

Mataki na huɗu: a zaɓi abin yi, a bar sauran

Jerin buƙatu zai fi ƙarfin kowane kasafi. Shirin da ya ce komai na kan gaba bai zaɓi komai ba. A auna kowane mataki da tambayoyi kaɗan: mutum nawa zai kare, su wane ne, nawa zai ci, wa zai kula da shi bayan an gama, kuma zai yi amfani ko da hasashen bai cika ba? Gargaɗin gaggawa, gyaran magudanan ruwa da toshe yoyon bututun ruwan sha suna cikin matakan da ba a nadamarsu.

A kula da matakin da ke gyara yau ya ɓata gobe. Rahoton IPCC na 2022 ya ja kunne a kan haka. Katangar bakin teku na iya kare wani gari ta tura zaizaya ga na kusa da shi, ta kuma sa mutane su ƙara gini a bayanta suna ganin sun tsira. Ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse na iya ceton amfanin gona na 'yan shekaru ya ƙarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Ga manyan ayyuka masu daɗewa, dabarar da ta fi ita ce a tsara su hawa-hawa. Shingen kogin Thames da ke kare Landan daga ambaliya ya fara aiki a 1982, kuma shirin da aka yi wa bakin kogin har zuwa 2100 bai yanke hukuncin komai a rana ɗaya ba. Ya tanadi hanyoyi daban-daban, ana bin hauhawar teku ana aunawa, in ta kai wani mizani sai a ɗauki mataki na gaba.

Mataki na biyar: a sa ma'auni kafin a fara aiki

Nan ne yawancin shirye-shirye ke faɗuwa. Sai an kusa rufe aiki ake tuna batun bibiya, a ɗauko wani ya haɗa rahoto. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba a rubuta yadda abu yake kafin a sa hannu ba, babu abin da za a gwada sakamakon da shi.

Ma'auni iri biyu ne, kuma a raba su a fili. Na farko yana ƙirga abin da aka yi: taron bita nawa, kilomita nawa na magudana, tasha nawa ta awon ruwan sama. Na biyu yana auna abin da ya sauya a rayuwar mutane: kaso nawa na jama'a gargaɗi ke isar wa kafin ambaliya, kwana nawa asibiti ke rasa wuta ko ruwa lokacin masifa, nawa amfanin gona ke faɗuwa a shekarar fari. Na farkon ya fi sauƙin tarawa, shi ya sa rahotanni ke cika da shi. Amma ana iya yin taron bita ɗari ba a kare mutum ɗaya ba.

Na biyun yana da tarko. Idan shekara uku suka wuce babu ambaliya, mace-mace za su ragu ko an yi aiki ko ba a yi ba. Idan kuma aka samu ruwan da ba a taɓa gani ba, asara za ta ƙaru ko da aikin ya yi kyau. Saboda haka kullum a ajiye alƙaluman asara kusa da alƙaluman yanayin shekarar, a karanta su tare. Faransa ta nuna yadda ake yi. Zafin 2003 ya kashe kimanin mutum 15,000 a ƙasar, aka kafa shirin ƙasa na tunkarar zafi a 2004. Da wani zafin ya zo a 2006, masu bincike suka lissafa cewa bisa yadda zafi ya saba kashewa a baya, da mutum fiye da 6,000 ne za su mutu, amma ƙarin mace-macen da aka gani kusan 2,000 ne. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita ce hujjar.

Bangaladash kuma misali ce ta abin da dogon lokaci ke nunawa. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kimanin 138,000, guguwar Sidr ta 2007 kuwa kusan 3,400 a alƙaluman hukuma. A tsakani an gina mafaka, an horar da dubban 'yan sa-kai masu kai gargaɗi gida-gida. Guguwa ba ta zama ɗaya da 'yar'uwarta, domin inda ta sauka da tsayin ruwan teku a lokacin duk suna tasiri, amma raguwa irin wannan ta shekaru kusan arba'in ba sa'a ce kawai ba.

A aikace, kowane ma'auni a rubuta masa abu biyar: adadin da aka fara da shi, adadin da ake so a kai da shekararsa, hukumar da za ta tara bayanin, sau nawa za ta tara, da kuɗin tarawar. Wanda aka kasa cike masa waɗannan, a cire shi. A rarraba alƙaluma tsakanin maza da mata, birni da karkara, masu hali da marasa shi, domin matsakaicin ƙasa yakan ɓoye waɗanda aka bari a baya. Kuma a taƙaita. A taron Belem na Brazil a 2025 an amince da ma'aunai 59 na duniya, bayan an tace su daga dubbai, kuma ba dole ne ƙasa ta ɗauke su duka ba. A ganina ma'auni ashirin da hukumar ƙididdiga za ta iya tarawa kowace shekara sun fi ɗari biyu da za a cike sau ɗaya a watsar.

Mataki na shida: a shigar da shi kasafi

Asusun yanayi na duniya da ake kira GCF yana ba kowace ƙasa mai tasowa har dala miliyan 3 domin tsara shirin. Kuɗin tsarawa ne, ba na aiwatarwa ba. Aiwatarwa sai an yi wa kowane mataki farashi, an san wanda zai fito daga baitulmali da wanda za a nema a waje. Nefal ta fara sa wa kuɗaɗen yanayi lamba ta musamman a kasafinta a 2012, ta yadda ake iya bin sawun abin da aka ware, kuma manufarta ta 2011 ta ce kashi 80 cikin ɗari na kuɗin yanayi ya isa matakin al'umma. Senegal kuwa ta zama ta farko da wata cibiyarta ta cikin gida ta samu izinin karɓar kuɗi kai tsaye daga Asusun Jure wa Sauyin Yanayi, a 2010, ba tare da bi ta hannun wata hukumar waje ba. A bibiyi abin da aka saki da abin da aka kashe, ba abin da aka ware a takarda kaɗai ba.

Mataki na bakwai: a ba wani ya duba, a gyara

Ma'aikatar da ta yi aiki ba za ta zama alƙalin kanta ba. A Birtaniya kwamiti mai zaman kansa ne ke kai wa majalisar dokoki rahoton ci gaba duk bayan shekara biyu, kuma ya sha faɗa wa gwamnati cewa shirinta bai wadatar ba. Jamus tana fitar da rahoton bibiya duk shekara huɗu tun 2015. Inda babu irin wannan kwamiti, ofishin babban mai binciken kuɗi ko jami'o'i za su iya riƙe aikin, muddin za a wallafa rahoton kowa ya gani.

Bayanan da aka tara sau ɗaya su wadatar da gida da waje. Yarjejeniyar yanayi ta Faris ta 2015 ta tanadi rahoton ƙasa duk shekara biyu, wanda wa'adin na farkonsa ya cika a ƙarshen 2024, da bitar duniya duk shekara biyar. Taron Dubai kuma ya sa 2030 a matsayin shekarar da ake so kowace ƙasa ta kafa tsarin bibiya mai aiki. A daidaita lokacin bitar gida da waɗannan wa'adi da kuma zagayen kasafi, domin abin da aka gano ya iso teburin ma'aikatar kuɗi kafin a rufe lissafin shekara mai zuwa. Matakin da bita ta nuna ba ya aiki a dakatar da shi, a rubuta dalili, a mayar da kuɗinsa kan wanda ke aiki, sannan a koma mataki na uku da sababbin alƙaluma.