Kurakuran da aka fi yi game da ciwon hanta nau'in E

Da an ce ciwon hanta, hankalin yawancinmu kan tafi ga nau'in B, wanda ake ɗauka ta jini ko wajen haihuwa. Daga nan ruɗanin yake farawa. Nau'in E ta baki yake shiga, a ruwan shan da bahaya ya gurɓata, kuma allurar rigakafin B da ake yi wa jarirai ba ta kare kowa daga gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 20 ne ke kamuwa duk shekara, kuma a 2015 ya kashe kusan 44,000. Ba labarin nesa ba ne: a 2017 ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno, cikin mutanen da rikici ya raba da gidajensu, kafin nan kuma ya yi ɓarna a Am Timan ta Chadi.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne raina ciwon shawara a jikin mai ciki. Ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ga amai da kasala, sai uwar miji ta ce laulayi ne, a kawo jiƙon rawaya, a jira ranar awo. Namiji mai ƙarfi kan warke da kansa cikin makonni kaɗan, shi ya sa ake ganin abin ba komai ba ne. Mai ciki kuwa, musamman daga wata bakwai zuwa haihuwa, hantarta na iya tsayawa gaba ɗaya, kuma cikin irin waɗannan mata har ɗaya cikin huɗu ko biyar kan rasu, ban da ɓari da haihuwar ɗa babu rai. Ranar da aka ga rawayar, ranar za a kai ta asibiti. In ta fara sambatu ko barcin da ba a iya tashinta, ko da tsakar dare ne a nemi mota.

Sai zuwa kemis. Babu ƙwayar da ke kashe wannan cuta a zubin farko, kuma farasitamol da ake ta ɗirkawa saboda zazzaɓi hantar ce ke sarrafa shi, ga ta tana fama. Hutu da shan ruwa mai tsabta sun fi, magani kuma sai wanda likita ya rubuta.

Akwai kuma yarda da ruwa don ya yi garai-garai. Ruwan famfon burtsatse ma kan lalace a hanya: jarkar ɗan garuwa da ba a wanke cikinta, randa a buɗe, moɗa ɗaya da yaro ya tsoma bayan ya fito masai bai taɓa sabulu ba. A tafasa na sha ko a sa masa kulorin, a rufe randa, a rataye moɗar.

Mutane kan zargi abincin jiya, alhali cutar kan ɗauki mako 5 zuwa 6 kafin ta bayyana, don haka rijiyar da aka sha watan jiya za a bincika. Rigakafin E ɗin akwai shi, Hecolin na ƙasar Sin, an yi wa jama'a shi a sansanin Bentiu na Sudan ta Kudu a 2022, amma ba ya cikin alluran da ake yi wa yara a ɗakunan shan maganinmu.