Yadda ake ɗaukar hoton tsuntsu da bishiya a lambu har a gano sunansu

Kusan duk hoton da ake turo mini da tambayar "wane tsuntsu ne wannan?" iri ɗaya ne: wani baƙin ɗigo a kan wayar lantarki, bayansa farar sama fayau. In bishiya ce kuwa, sai ka ga an tsaya can nesa an ɗauko ta gaba ɗaya, kore shar, babu ganye ɗaya da za a iya duba shi. Irin wannan hoto ko masanin jami'a ka kai wa, sai dai ya yi canke. Hoton da ake gane halitta da shi shaida ne, dole ya nuna daidai wurin da za a yi tambaya a kai: baki, wutsiya, bayan ganye, ƙaya. Wayar da ke aljihunka ta isa wannan aiki in ka san abin da kake nema.

1. Zaɓi wuri ɗaya ka riƙa komawa

Kada ka fara da mafarkin gandun dajin Yankari ko mafakar tsuntsaye ta Dagona. Fara da inda ƙafarka za ta kai ka duk mako: lambun makaranta, harabar jami'a, gonar mangwaro a bakin gari, gefen kududdufi ko fadama. Gidan zu na Audu Bako a Kano ma wuri ne mai kyau, amma ba don dabbobin keji ba. Ɗaga kai ka dubi manyan itatuwan wurin, tsuntsayen da ke kansu babu wanda ya kawo su, su suka kawo kansu.

Amfanin komawa wuri ɗaya shi ne za ka san 'yan gida, sai baƙo ya fito maka fili ranar da ya zo. Wanda ya saba da kurciya da hasbiya da hankakan wani lambu, ranar da shamuwa ta sauka gabanin damina ba sai an nuna masa ba.

Ka gaida mai gadi ko mai kula da lambun, ka gaya masa abin da ya kawo ka. Kada ka saita waya wajen barikin soja, ofishin 'yan sanda ko gidan gwamnati ko da wane irin tsuntsu ne ya sauka a katangar, kuma ka kauce wa inda iyalai ke zaune suna hutawa. Ba kowa zai yarda cewa ƙadangare kake ɗauka ba.

2. Fita da sassafe, rana a bayanka

Daga fitowar rana zuwa hantsi shi ne lokacin. Tsuntsaye suna kiwo suna kuka, ƙadangare ya fito shan hantsi jikinsa bai gama ɗumi ba balle ya zura da gudu, hasken kuma mai taushi ne. Bayan la'asar ma ana samu. Da tsakar rana kuwa kowa ya shige inuwa, hoton kuma rabi fari ƙal rabi baƙi ƙirin yake fitowa.

Tsaya yadda inuwarka za ta miƙa wajen abin da kake ɗauka. Lokacin hunturu, in hazo ya rufe sama, guji ɗaukar tsuntsu sama tana bayansa. Matsa gefe har ganye ko katanga su zama bayansa, ko ka jira ya sauko.

3. Gyara wayar tun kafin ka shiga

Goge gilashin kyamara da gefen riga, ƙurar aljihu kaɗai tana dusashe hoto. Kashe fulashi da ƙarar waya. Kunna alamar wuri a cikin kyamara domin kowane hoto ya riƙe inda aka ɗauke shi da ranar. In ka saita, taɓa jikin tsuntsun a kan allo don wayar ta mai da hankali kansa, sannan ka ja 'yar alamar rana da ke fitowa a allon, sama ko ƙasa, har launin gashin ya bayyana. Kada ka yi ta jawo hoto da yatsu biyu har ƙarshe, yawancin wayoyi faɗaɗa shi kawai suke yi ya farfashe. Gara ka ɗauka yadda yake, ka yanke daga baya. Mai madubin hangen nesa yana iya ɗora idon kyamara a bakin madubin, da ɗan haƙuri ana samun hoton da ya wadatar.

4. Tsuntsu: zauna ya zo maka

Bin tsuntsu wahala ce. Nemi abin da ke tara su ka zauna kusa da shi: famfon da ke ɗiga, ɓaure ko cediya mai 'ya'ya, ko kaucin da ya yi fure a kan reshe, inda ɗan tsuntsun nan sha-kauci mai siririn baki ke zuwa shan zaƙi. Jingina da gindin itace, ka yi shiru minti goma sha biyar. Farar shadda mai sheƙi ba kayan wannan aiki ba ce.

In dole ka matsa, kada ka nufe shi kai tsaye kana kallonsa. Bi ta gefe kamar mai wucewa, taku biyu ka tsaya ka ɗauka, taku biyu ka ƙara ɗauka. Hoton farko na nesa shi ne jarinka in ya tashi. Wanda ba ya zama wuri ɗaya kuwa, yi masa bidiyo na daƙiƙa goma, ka ciro hoto daga ciki, ga kukansa kuma ka samu a kyauta.

Abin da ake so ya fito: tsuntsun ta gefe, baki, ido, ƙafa da wutsiya. Ga dalili. Kurciya ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa a tsakar gida tana da ɗige-ɗige a ƙirji, ba ta da baƙin zobe a ƙeya, wasu kuwa suna da shi, don haka hoton da bai nuna wuya ba bai raba gardama ba. Hasbiya jan fatar da ta kewaye idonta da fararen ɗigon fiffike ke tona ta. Shirwa da muke kira da suna ɗaya, akwai mai rawayan baki, 'yar Afirka, akwai mai baƙin baki da ke zuwa daga arewa da rani. Sannan kaya suna canjawa da lokaci: namijin marai da damina kansa baƙi jikinsa rawaya, da rani sai launinsa ya dushe ya koma kamar macen, ka rantse wani tsuntsu ne. Balbela ma lokacin sheƙa takan yi ja-ja a ka da ƙirji.

Kada ka taɓa sheƙa, kada ka karya reshe don ƙwai su fito a hoto. Hanyar da ka buɗe ita hankaka da yaran unguwa za su bi.

5. Bishiya: hoto biyar, ba ɗaya ba

Bishiya ba ta gudu, saboda haka babu uzuri. Ɗauki tsayuwarta gaba ɗaya daga nesa. Ɗauki ɓawon gindi. Ɗauki reshe da ganyensa yadda suka jeru, domin ko ganye na fuskantar juna ko suna saɓawa babbar alama ce. Ɗauki bayan ganyen. Sannan fure ko 'ya'ya, in babu a sama duba ƙasa, busasshen kwanso ma shaida ne. Ajiye biro ko yatsanka kusa da ganyen don a san girmansa.

Batun bayan ganye a jikina na koye shi. Wata safiya a wani lambu na ɗauki wata ƙaramar bishiya mai ƙaya, na rubuta "kurna" da ƙarfin gwiwa. Wani dattijo da ke ban ruwa ya leƙo ya ce, "Yaro, me ka rubuta?" Na gaya masa. Bai ce komai ba, ya tsinko ganye ɗaya ya juya shi a tafin hannuna. Bayan fari ne tas, da laushi kamar an shafa masa gari. "Magarya ke nan," in ji shi. "Kurna bayanta kore ne." Na ce, "Baba, ai kamarsu ɗaya." Ya ce, "A wajenka." Ya ɗauki bokitinsa ya wuce. Hotuna shida na ɗauka a ranar, babu ɗaya da ya nuna bayan ganye.

Wasu itatuwan tsayuwarsu kaɗai ta isa. Goriba tana rassa biyu-biyu, giginya kuwa sanda ɗaya ce mai kumburi a sama. Wasu kuma kalanda ce ke nuna su: gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, akasin sauran, kuka kuma tsirara take kwana duk rani. Shi ya sa ranar da aka ɗauki hoto take da muhimmanci kamar hoton kansa. Abin da waya ba ta ɗauka, rubuta shi: ƙamshin ganye in an murza, ko yana fitar da farin ƙaro. In tumfafiya ce ka kiyaye idonka daga nononta.

6. Na ƙasa

Ga ƙadangare, kulɓa, hawainiya, mazari da malam-buɗe-littafi, durƙusa wayar ta zo daidai tsayinsu, kada inuwarka ta faɗa kansu. Malam-buɗe-littafi a ɗauke shi fiffike a buɗe da kuma a rufe. Kada ka juya dutse ko gungume da hannu, gidan kunama ne da kububuwa. Maciji kuwa daga inda ka gan shi ka ɗauka, ka ja da baya. Akwai kumurcin da ke feso dafi a ido daga nesa.

7. Tambayi mutanen wurin kafin ka tambayi waya

Mai ban ruwa, makiyayi, mai sayar da itacen magani a kasuwa, tsohuwar da ke tsinkar ganyen miya, duk sun riga manhaja sanin abin. Rubuta sunan da suka ba ka tare da garin da ka ji shi, saboda suna yana canjawa da tafiya. Itacen da Bakano ke kira darbejiya, wani dogon yaro zai ce, wani maina, alhali duk Azadirachta indica ne, wanda asalinsa daga yankin Indiya aka kawo. Nan sunan kimiyya ke da rana: shi ke tabbatar da cewa abu ɗaya kuke nufi. Tun 1916 J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tare da na kimiyya, har yau masu bincike suna komawa gare shi.

8. Sannan manhaja

Pl@ntNet ta tsirrai ce, za ta tambaye ka ganye ne, fure, 'ya'ya ko ɓawo, ka ga amfanin hotuna biyar ɗin nan. Merlin ta tsuntsaye ce, sauke kundin yankinmu inda kake da intanet mai ƙarfi, daga nan tana duba hoto ko babu data. iNaturalist kuwa tana karɓar komai, kuma ita na fi so, domin bayan kwamfuta ta yi hasashe mutane ne ke zuwa su duba. Sai aƙalla mutum biyu sun sa suna, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa sun yarda, kafin a ɗauki bayanin a matsayin wanda bincike zai dogara da shi.

Yanke hoton abin ya cika allo kafin ka ɗora. Sunan farko da manhaja ta kawo shawara ce, ka bincika ko ana samun wannan halitta a ƙasarmu, domin takan ba ka sunan ɗan uwansa na Turai ko Indiya. In ba ka tabbata ba, tsaya a babban gida: "kurciya" kawai, ko "dangin ɓaure". Dabbar keji da furen da aka dasa a tukunya, sa musu alamar cewa ba na daji ba ne. Kada kuma ka ci ko ka jiƙa wani ganye ka sha don waya ta ba shi suna. Zaƙami da 'ya'yan cini-da-zugu suna nan a gefen lambuna da yawa, kuma guba ne.

Wani abu guda: in ka dace da ungulu, musamman a sheƙa, ɓoye ainihin wurin. Tsuntsun da a da ke cika kowace mahauta, tun 2015 yana jerin waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya, kuma masu farautarsa don sayarwa su ma suna da waya.

9. Ajiye lissafi

Ɗan littafi ya isa: rana, wuri, abin da ka gani, guda nawa, me yake yi. A waya kuma buɗe wa kowane lambu jakarsa, ka goge hotuna marasa amfani a daren ranar kafin su taru su cinye maka wuri.

In ka kai matsayin gane tsuntsaye talatin ko arba'in ba tare da duba waya ba, akwai inda ake buƙatarka. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai suna shafe aƙalla awa biyu a ciki suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji a manhajar BirdLasser. Lambun da kake zuwa duk Asabar yana cikin ɗaya daga waɗannan gidaje, kuma kurciya da hankaka ma ana rubuta su.