Idan Majinyaci Ya Ce "Ga Mijina": Yadda Za Ki Yi Aikinki Ba Ki Cuci Kowa Ba

A shekarata ta biyu da fara aikin jinya a Amurka na tafka wani kuskure da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, saboda 'yan'uwa mata da ke shigowa wannan aiki, har da mazan, kada wata ta sa ƙafa inda na sa.

Da yamma aka kawo wani dattijo, huhunsa ya tara ruwa, numfashi da ƙyar. Wani dattijon na biye da gadon, riƙe da ƙaramar jaka da wani ɗan littafi mai shuɗin bango wanda gefensa duk ya cinye. Ina cika fom na tambaye shi yadda suke da majinyacin. Ya ce, "Mijina ne." Na ji sarai, ba wai ban ji ba. Hannuna ne ya ƙi. A gurbin dangantaka sai na rubuta "aboki", na ce a raina ai duk kanwar ja ce, ni dai ba zan sa hannu a abin da addinina ya hana ba.

Wajen ƙarfe uku na dare jikin ya rikice. Likita na neman wanda zai yanke shawara ko a zura masa bututun numfashi, tunda shi majinyacin ba ya cikin hayyacinsa. Ya duba ya ga "aboki", sai ya sa a kira wata ƙanwarsa da lambarta ke cikin tsohon fayil, mace da ke can wata jiha, wadda ta jima rabonta da shi. Shi kuwa mijin yana ƙasa a wurin ajiye motoci, ya kishingiɗa cikin mota da waya a kan ƙirji, domin ya roƙe ni in kira shi ko tari mutumin ya yi. Shugabar aikin dare ce ta gano abin da ya faru. Allah ya rufa asiri dattijon ya kwana da rai, amma an ɓata kusan minti arba'in ana neman amsa a bakin wadda ba ta da ita.

Abin da za ki fara yi, tun kafin irin wannan rana ta same ki, shi ne ki raba tambayoyi biyu da na cakuɗa a wannan dare. Ɗaya ita ce: mene ne hukuncin auren jinsi a addinina? Wannan kin san amsarta, kuma babu wanda ya ce ki sauya. Ɗayar ita ce: wa dokar ƙasar nan ta ce a kira idan wannan mutum ya kasa magana? Fom ɗin asibiti ta biyun yake tambayarki. Rubuta "miji" a wannan gurbi ba ɗaurin aure ba ne, ba kuma fatawa ba ce; faɗin abin da ke rubuce a takardarsu ne. A yawancin jihohin Amurka, idan mutum bai rubuta sunan wakilinsa ba tun yana da lafiya, miji ko mata ne a sahun gaba wajen yanke masa shawarar magani, sannan 'ya'ya, iyaye da sauran dangi. Ni da na rubuta "aboki" ina jin na tsare addinina, ashe ƙarya na rubuta da hannuna a takardar da ran mutum ya rataya a kai. Na guji abin da ba ni na aikata ba, na faɗa cikin wanda ni ce na aikata. Wannan lissafi ya ɗauke ni watanni kafin na yarda da shi.

Bayan haka ki san daga ina dokar ta fito. Da farko ni ma na ɗauka rigimar duk a kan biki ce da zobe da ɗaukar hoto. Da na bi diddigin shari'o'in sai na tarar wasu daga cikin manyansu a asibiti da maƙabarta suka samo asali, wato a wurin aikinmu.

A watan Fabrairun 2007 wata mata mai suna Lisa Pond ta yanke jiki ta faɗi a Miami, jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa. Abokiyar zamanta ta shekara 18, Janice Langbehn, da yaran da suke riƙo, sun shafe sa'o'i a ɗakin jira ba a bar su sun zauna kusa da ita ba, daga baya ta cika. Labarin nan na cikin abin da ya sa Shugaba Barack Obama ya ba da umarni a watan Afrilun 2010 cewa duk asibitin da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, dole ya bar majinyaci ya zaɓi wanda zai ziyarce shi. Ƙa'idar ta fara aiki a farkon 2011. Saboda haka idan kika tsaya a bakin ƙofa kika ce "dangi kawai", ki tabbata majinyacin ne ya faɗi su wane ne dangin, ba ke ba.

Sai Edith Windsor. Ta zauna da Thea Spyer sama da shekara 40, ta yi jinyarta tsawon lokaci, suka je Toronto ta ƙasar Kanada suka yi aure a 2007. Da Spyer ta rasu a 2009 gwamnatin tarayya ta caje ta harajin gado dala 363,053, kuɗin da ba za a karɓa daga matar da mijinta ya mutu ba, domin wata dokar 1996 ta ce tarayya ba ta san wani aure ba sai na namiji da mace. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe na dokar ranar 26 ga Yunin 2013.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jim Obergefell. Abokin zamansa John Arthur na fama da ALS, cutar nan da ke kashe jijiyoyi har mutum ya kasa motsi. Jiharsu ta Ohio ba ta yarda da irin aurensu ba, sai suka ɗauki hayar jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa jihar Maryland, inda doka ta yarda da shi, a watan Yulin 2013, aka ɗaura a cikin jirgin a filin sauka, Arthur na kwance a kan gado. Bayan wata uku ya rasu. Abin da Obergefell ya je kotu nema shi ne a rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwa a matsayin wanda mamacin ya bari. Layi ɗaya a takarda, irin layin da ni na cika ba daidai ba. Shari'ar ce ta kai ga hukuncin 26 ga Yunin 2015, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, auren jinsi ya halatta a dokar dukkan jihohi 50. A Disambar 2022 kuma Shugaba Joe Biden ya sa hannu a wata doka da ta tilasta wa tarayya da jihohi su amince da auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida a wata jiha. Amurka ma ba ita ta fara ba: Holan ce a 2001, Afirka ta Kudu ta biyo a 2006.

Ba na kawo waɗannan don ki ce sun yi daidai. Na kawo su don idan mutum ya tsaya gabanki ya ce "mijina ne" da wata irin murya mai kama da shirin faɗa, ki gane me ya sa. Ya sha a ce masa ya jira a waje.

Batun baki da fuska ba shi da tsawo. Ki tambaya, "Yaya kuke da shi?" Abin da aka faɗa miki shi za ki rubuta, shi kuma za ki maimaita wa likita. In kalmar ta yi miki nauyi a harshe, ki kira mutum da sunansa, wannan ba ya ɓata wa kowa rai. Fuskar ce ma ta fi wuya, don labarin zuciya a tambayi fuska. Ni dabarata ita ce da zarar na ji amsar sai in wuce tambaya ta gaba ba tare da na ɗaga kai ba: wane magani yake sha, akwai abin da jikinsa ba ya so, yaushe ya ci abinci. Kafin ki kai tambaya ta uku mamakin ya wuce, kin koma ma'aikaciyar jinya.

Sirri kuwa ki riƙe shi da hannu biyu. Akwai dokar tarayya ta 1996 da ake kira HIPAA, wadda ta hana fitar da bayanan majinyaci, kuma ana korar ma'aikata a kanta. Kada ki ɗauka don kin juya harshe a ɗakin hutu kina ba ƙawarki labari a waya babu mai jin ki. Baki shi ke yanka wuya. Ko abokin aikinki ne ya gaya miki halin da yake ciki, ba labarinki ba ne da za ki kai gaba. Wasu daga cikin masu irin wannan zama sun fito ne daga ƙasashen da abin ke kai mutum kurkuku. A Najeriya dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi auren jinsi, Yuganda ta kafa wata mai tsanani a 2023. Hoto guda da kika tura a Facebook ko WhatsApp don a yi dariya na iya raba mutum da uwarsa, ko ya hana shi taka ƙasarsu har abada. Wannan alhaki ba na wasa ba ne.

Ke ma kina da naki haƙƙin, kuma gara ki san iyakarsa don kada tsoro ya sa ki yi ƙarya ko fushi ya sa ki yi wauta. Babu dokar da ta tilasta wa limami ko fasto a Amurka ya ɗaura auren da addininsa bai yarda da shi ba. Dokar 2022 ma ta sake jaddada hakan ga cibiyoyin addini. Babu kuma mai tilasta miki zuwa bikin kowa. Wata abokiyar aikina, wadda ta sha karɓar mini aiki ranar Sallah, ta miƙo mini katin aurenta da wata mace. Na kwana biyu ina saƙa da warwara. Har na shirya cewa zan yi tafiya, sai na tuna inda ƙaryar farko ta kai ni. Na same ta ita kaɗai na ce, "Kin san matsayinki a wurina. Addinina bai ba ni damar zuwa wannan taro ba, kuma ba na so in yi miki ƙarya. Amma ranakun da za ki yi hutu ni zan riƙe miki aiki." Ta yi shiru, ta ce ta ji zafi amma ta gode da ban ɓoye ba. Mun ɗan yi sanyi da juna na wasu makonni. Ba zan ce miki kowa zai karɓa haka ba; wata za ta daina gaishe ki, ki shirya wa wannan ma. Abin da ba ki da damar yi shi ne ki ƙi kula da majinyaci, ko ki mayar da bakin gadonsa wurin wa'azi. Mutum na kwance da allurar ruwa a hannu, ba shi da ikon tashi ya bar miki ɗakin. In shi ya tambaye ki abin da kika yi imani da shi, ki faɗa a taƙaice cikin ladabi, ki koma kan awon jininsa.

Lokacin da zuciyata ke ta kai-kawo, wani hadisi da ke cikin Bukhari da Muslim ne ya zaunar da ni. An wuce da gawa, Annabi (SAW) ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai gawar Bayahude ce. Ya ce, ashe ba rai ba ne? Ni ba malama ba ce, ba zan ciro hukunci daga nan ba. Na dai lura cewa miƙewar ba ta rage masa komai a aƙida ba.

Saura abin da za ki yi idan kin riga kin yi ɓarnar, kamar ni. Ki gyara takardar nan take, ki gaya wa shugabarki da bakinki kafin ta ji a wani wuri. Sannan ki je wurin mutumin. Kada ki kawo dogon bayani a kan addini da tarbiyya da inda kika taso. Ba shi ya kamata ya lallashe ki ba. Da gari ya waye na same shi zaune kusa da gadon, yana jiƙa ɗan soso a kofin ruwa yana shafa wa majinyacin a leɓe, don bututun ya busar masa da baki. Na ce, "Jiya ka gaya mini mijinka ne, na rubuta aboki. Shi ya sa ba a kira ka da wuri ba. Laifina ne, na gyara, ka yi haƙuri." Ya daɗe yana kallona. Na zaci zai ce a kira masa shugaba, kuma da ya yi da bai yi laifi ba.

Sai ya buɗe littafin nan mai shuɗin bango ya miƙo mini. Sunayen magunguna ne shafi bayan shafi, da rana da awa, na shekara shida, wasu an soke an sake rubutawa da wani biro. Ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce wannan maganin yana sa shi ruɗewa da daddare, in gaya wa likita kada a sake ba shi. Na kwafe sunan a bayan hannuna, na fita neman likitan safe.