Yadda za ku buɗe nazare a islamiyyar unguwa, irin na Mombasa

Tun shekarun 1980 shugabannin musulmin Mombasa a Kenya suka kai kuka wajen Aga Khan, shugaban musulmin Isma'iliyya na lokacin, cewa ana barin yaransu a baya a firamare. Da gidauniyarsa ta duba sai ta ga ai ajujuwan madarasa zaman banza suke da safe, aka buɗe ajin nazare na farko a masallacin Liwatoni a 1986, Zanzibar ta ɗauka a 1990, Uganda a 1993. To islamiyyunmu ma da yawa sai yamma ake shiga, don haka ku fara da mai makaranta da liman da mai unguwa, ku roƙi aron aji ɗaya daga takwas zuwa sha biyu. Kar ku fara da maganar gini, nan ake maƙalewa wallahi.

Sai kwamiti, mutum biyar ma sun isa, amma a sa iyaye mata a ciki, su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Malama kuma a nemo ta cikin unguwa, haka suka yi a can, suka ɗauki matan gari suka ba su horo aka riƙa zuwa ana duba su a aji, ku ma in akwai mai NCE kusa ku roƙe ta ta riƙa leƙowa ko sau ɗaya a sati, don wadda ba ta samu horo ba bulala za ta ɗauka ta sa ɗan shekara huɗu hadda har a tashi. Kayan aiki ba sai an saya ba, murfin kwalba da ƙwallon dabino don ƙirga, kwali a yanka haruffa, tire da yashi yaro ya zana alif da A da yatsa. A haɗa da addu'o'i da gajerun surori, shi ke sa uba ya saki jiki.

Inda abin ke mutuwa alawus ɗin malama ne. A Mombasa makarantar da ta kammala shirin gidauniyar Aga Khan, asusun ajiya aka riƙa kafa mata, jama'a su tara, gidauniyar ta ƙara. Ku buɗe akawun mai sa hannun mutum biyu, mai hali ya biya kuɗin wata, marayu da marasa ƙarfi a ɗauke musu, kuma kar a buɗe ajin sai alawus na wata uku na ajiye. Daga nan ku leƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ku ji sharuɗɗan rajista.