Yadda za ka ci fiza cikin hanzari a filin jirgin saman Rum

1. Fara wuce binciken jami'an tsaro tukuna. A Fiumicino, babban filin jirgin saman Rum, in jirginka zai fita daga yankin Shengen ne (ƙasashen Turai da ake zirga-zirga tsakaninsu ba tare da duba fasfo ba), akwai kuma layin duba fasfo, kuma shi ne mai cin lokaci. Sai ka ga lambar ƙofarka a allo sannan ka nemi abinci.

2. Kada ka zauna a gidan abinci mai teburi. Nemi kantar da ake sayar da fiza yanka-yanka, an riga an gasa, ɗumamawa kawai za a yi.

3. Duba abin da ke samanta da kyau. Prosciutto, salame da salsiccia duk naman alade ne, fizar da ake kira Diavola ma akwai shi a kanta, duk da kyan ganinta. Fizar Margherita ta fi kwanciyar hankali: tumatir, cukun mozzarella da ganyen basil. Wasu na sa kitsen alade a ƙullun, don haka ka tambaya, ba abin kunya ba ne.

4. A wurare da yawa sai ka biya kuɗi wajen mai karɓa, sannan ka miƙa rasit a ba ka. Kati ko Yuro.

5. Ci a tsaye, ido na kan allo, don ana sauya ƙofa.