Ga masu koyar da nutso: kafin ku kai ɗalibi mita 30

Malamai, kada ku sauka da ɗalibi zurfin mita 30 sai ya iya tsayawa cik a mita 5. A mita 30 iskar tukunyarsa tana ƙarewa da sauri ninki huɗu na yadda take ƙarewa a saman ruwa, don haka ya riƙa duba ma'aunin iskar akai-akai.

Can ne kuma naitirojin, wani sinadari da ke cikin iskar da ake shaƙa, ke fara bugar da mutum, shi kuwa bai san ya bugu ba. Ku ba shi ɗan lissafi a allo. In ya rikice, ku ɗan haura da shi, zai warware.

Wajen fitowa kada a wuce mita 9 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5. Gaggawa ce ke tara kumfar naitirojin a jini da gaɓoɓi.