Yadda ake shirya wa ambaliyar da ta fi ƙarfin hasashe

Sababbin jami'an agajin gaggawa kusan kuskure ɗaya suke yi: da ruwan bara suke auna na bana. Idan bara a gwiwa ya tsaya, sai su yi tanadin ruwan gwiwa. Amma da madatsar ruwan Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle a Satumban 2024, kogin Ngadda ya mamaye Gwange, Kasuwar Monday da fadar Shehu, ya shiga har asibitin koyarwa na jami'ar Maiduguri. Wurin da ake sa ran kai masu rauni shi ma yana neman ceto. Kuma a 1994 madatsar ta taɓa yin irin wannan ɓarna.

Saboda haka fara da taswirar garinka. Ɗauki biro ka soke babbar gada, ka soke asibiti, ka ƙaddara babu wuta babu sabis, kuma ƙarfe biyun dare ne. Daga nan ake soma tsari.

Hasashen hukumar yanayi ta NiMet da na hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna da ambaliya kowa yana samu tun kafin damina, ba sai na tsaya a kansa ba. Inda ake faɗuwa shi ne: wa zai tashi mutane daga barci? Nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Mun tura saƙon tes da tsakar dare, alhali rabin wayoyin unguwar babu caji. Tun daga lokacin ba na amincewa da tsarin da babu ladani da mai unguwa a ciki. A saya wa lasifikar masallaci batir na musamman, kuɗinsa bai kai na taron bita na yini ɗaya ba. A rubuta wa ladani abin da zai faɗa, domin "ku fita" kaɗai ba ta isa. Fita zuwa ina? A ambaci sunan makarantar da ke kan tudu da hanyar da za a bi. Tsofaffi, masu jego da guragu kuwa, kowane ɗaya a rubuta sunan saurayin da zai ɗauke shi.

Kayan agaji a raba su gida biyu, tsallaken kogi na nan da na can. A daidaita da masunta kan kuɗin kwale-kwale tun watan Mayu. A ajiye sinadarin tsabtace ruwa da gishirin ORS, don kwalara na bin bayan ambaliya. Sannan a yi atisaye sau ɗaya, da daddare, kafin Agusta.